Sharhi kan PARI/GP, manhajar da ke warware manyan lambobi zuwa tubalansu

Lambar da ta sa na shiga neman wannan manhaja ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Malaman lissafi da yawa sun san ta, domin ita ce jimillar ƙwayoyin hatsin da ke cikin tsohon labarin nan na allon shataranji mai gidaje 64, wanda Ibn Khallikan ya kawo tun a ƙarni na 13: a sa ƙwaya ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ruɓanyawa har gidan ƙarshe. Na ba ɗalibaina labarin ne don su ga yadda ruɓanyawa ke gudu, sai wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, waɗanne lambobi ne suke raba ta daidai ba saura?" Na san 3 da 5 suna raba ta, amma daga nan ban da abin cewa. Kalkuletar da muke shiga aji da ita alƙaluma goma take nunawa, ita kuwa wannan lamba alƙaluma ashirin gare ta. Manhajar Excel ma, wadda mutane da yawa suke ɗauka ta fi ƙarfin kowane lissafi, alƙaluma 15 na farko kawai take riƙewa daidai, sauran ta mayar da su sifiri, alhali a wannan fanni alƙalami ɗaya idan ya sauya, lambar ta zama wata daban da tubalanta daban.

Ya kamata in bayyana kalmomin da zan yi ta maimaitawa. Lambar firam ita ce cikakkiyar lamba da ta haura 1 wadda babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Kowace cikakkiyar lamba da ta haura 1, ko dai firam ce, ko kuma an gina ta ne ta hanyar ninka lambobin firam da juna, kuma hanya ɗaya tak ake gina ta. Lambar 1001, alal misali, 7 sau 11 sau 13 ce, babu wani haɗi na firam da zai ba da ita sai wannan. Shi ya sa nake kiran waɗannan lambobi tubalan lamba, aikin gano su kuma warwarewa. Ninkawa aikin ɗan firamare ne, amma a miƙa wa mutum ginanniyar lamba a ce ya faɗi tubalan da aka gina ta da su, a nan gizo ke saƙa, kuma a kan wannan aiki ne na auna manhajar.

PARI/GP manhaja ce ta ilimin lambobi wadda aka fara rubutawa a shekarar 1985 a Jami'ar Bodo (Bordeaux) da ke Faransa, ƙarƙashin jagorancin Henri Cohen tare da abokan aikinsa, daga baya kuma kulawa da ita ta koma hannun Karim Belabas da Bill Allombert da masu taimakawa na sa kai. Sunan ya haɗa abu biyu ne: PARI shi ne rumbun dabarun lissafin da aka rubuta da harshen C, GP kuma ita ce ƙofar da mutum yake rubuta umarni ya ga amsa. Kyauta ce baki ɗaya, a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar ya sauke ta, ya raba wa wasu, har ya duba yadda aka rubuta ta. Tana aiki a kan Windows da Linux da macOS, akwai ta wayar Android mai suna PariDroid, akwai kuma wadda ake gwadawa kai tsaye a burauza. Babbar manhajar lissafi ta SageMath ma da ita take yin wani ɓangare na aikinta na lambobi. Abin da ya fara jan hankalina, a matsayina na wanda ke ƙirga datarsa, shi ne ba ta da nauyin saukewa, kuma da zarar ta sauka ba ta ƙara buƙatar intanet, ba ta neman rajista, babu talla, babu saƙon cewa a biya kuɗi kafin a ga sauran amsa.

Wanda ya saba da manhajoji masu hotuna da maɓallai kala-kala zai yi turus a ranar farko. Idan aka buɗe ta, allo ne fayau da wasu layukan gabatarwa, sai wuri guda da take jiran a rubuta mata umarni. Babu abin dannawa, babu jerin zaɓi. Na ɗauki wannan a matsayin aibi a makon farko, daga baya na sauya ra'ayi, domin umarnin da mai koyar da sakandare yake buƙata ba su wuce goma ba, kuma kowanne kalma ɗaya ce. Idan mutum ya manta aikin wani umarni, sai ya sa alamar tambaya a gabansa, kamar ?factor, ta ba shi bayani a taƙaice. Wani halinta da na yaba shi ne ba ta gaggawar kusanta amsa: a rubuta 7/2, za ta mayar da 7/2 yadda yake, ba za ta ce 3.5 ba sai an nema, kuma cikakkiyar lamba komai tsawonta tana rubuta ta har alƙalamin ƙarshe.

Na rubuta factor(2^64-1), wato a ninka 2 da kanta sau 64 a cire 1, wadda ita ce lambar hatsin. Kafin in ɗauke yatsa daga maɓalli amsa ta fito a jere, kowane tubali da adadin fitowarsa a gefensa: 3, 5, 17, 257, 641, 65537 da 6700417, kowanne sau ɗaya. Tubala bakwai ke nan. Manhajar ba ta yi wani ƙarin bayani ba, amma jerin da kansa ya ishe ni darasin mako biyu. Biyar daga cikinsu, wato 3, 5, 17, 257 da 65537, su ne lambobin da Pierre de Fermat ya lura da su a wajajen 1640, waɗanda kowacce ake samun ta da ƙara 1 a kan 2^1, 2^2, 2^4, 2^8 da 2^16. Da ya ga duk biyar ɗin firam ne, sai ya yi zaton duk waɗanda za su biyo baya ma haka suke. Ta shida ita ce 2^32+1, wato 4,294,967,297, kuma ta zauna kusan shekara casa'in ba a ƙaryata zaton ba, har sai da Leonhard Euler ya nuna a 1732 cewa 641 sau 6,700,417 ce. Ga su nan kuwa su biyun a cikin amsar da allo ya ba ni. Dalilin haɗuwarsu a wuri ɗaya ba ya buƙatar kwamfuta: 2^64-1 bambancin murabba'i biyu ce (murabba'i shi ne abin da ake samu idan an ninka lamba da kanta), don haka tana tsagewa zuwa 2^32-1 da 2^32+1, ita ma 2^32-1 ta sake tsagewa haka, har a iso 3. Euler bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa ba. Ya tabbatar da cewa duk firam ɗin da zai raba 2^32+1 dole idan an raba shi da 64 ya bar saura 1, kuma masu wannan siffa daga ƙasa su ne 193, 257, 449, 577, sai 641, na biyar a layi. Na sa ɗalibai sun yi waɗannan rabe-raben biyar da hannu kafin in nuna musu allo, kuma a ganina haka ya dace a yi amfani da manhajar a aji, ta zo daga baya ta tabbatar da abin da hannu ya gano.

Da zarar an san tubalan lamba, sauran siffofinta suna biyowa cikin sauƙi, kuma PARI/GP tana da gajeren umarni ga kowacce. Umarnin numdiv yana faɗin adadin lambobin da ke raba lamba daidai. Ga lambar hatsin ya ba da 128, abin da ɗalibi zai iya tabbatarwa da kansa, tunda tubala bakwai ne kuma kowanne ko a ɗauke shi ko a bar shi, 2 sau bakwai a ninke ke nan. Umarnin sigma yana tara duk masu rabawar, eulerphi yana ƙirga lambobin da ba su wuce ta ba waɗanda ba su haɗa wani tubali da ita ba, sumdigits yana tara alƙalumanta. Da sigma ne na nuna wa ɗalibai kammalallun lambobi, waɗanda jimillar masu raba su, ban da su kansu, take dawo da su daidai: 6, 28, 496, 8128, har zuwa 2,305,843,008,139,952,128, wadda Euler ya tabbatar da kammalarta a 1772. Da shi kuma muka duba lambobin nan masu ƙaunar juna, wato biyun da jimillar masu raba kowacce, ban da ita kanta, take ba da ɗayar, kamar 220 da 284, waɗanda Sabit ibn Ƙurra ya samar wa ƙa'ida a Bagadaza a ƙarni na 9, da kuma 17,296 da 18,416 da ake dangantawa da Kamaluddin al-Farisi. Manhajar ta warware ta farkon zuwa 16 sau 23 sau 47, ta biyun zuwa 16 sau 1151, kuma sigma ta ba su jimilla ɗaya.

Gwajin da ya fi taɓa ni shi ne na 2^67-1, wato 147,573,952,589,676,412,927. Édouard Lucas ya nuna tun 1876 cewa wannan lamba ba firam ba ce, amma bai san tubalanta ba, kuma babu wanda ya san su har 1903. A wannan shekara, a taron ƙungiyar masana lissafi ta Amurka a birnin New York, Frank Nelson Cole ya tashi ya je gaban allo. Yadda labarin ya shahara, bai ce uffan ba: ya lissafa 2^67-1 a gefe guda, ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 a ɗaya gefen, amsoshin suka zo daidai, ya koma ya zauna, jama'a suka tashi suna tafi. An ruwaito cewa ranakun Lahadi na shekara uku ya kashe a kan aikin. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da nake aiki da ita ta fitar da waɗannan tubala biyu kafin ƙiftawar ido. Akwai alamar # da ake rubutawa don manhajar ta riƙa nuna lokacin da kowane aiki ya ci, kuma ina ba duk mai gwaji shawara ya kunna ta tun daga farko, domin lokacin da aiki ya ci shi ne rabin darasin.

Wannan ma'aunin lokaci ne ya gyara mini wata fahimta da na daɗe da ita ba tare da na bincika ba, wato cewa gwargwadon girman lamba gwargwadon wuyar warware ta. A ɗauki 100!, wato a ninka duk lambobi daga 1 zuwa 100 da juna. Alƙaluma 158 gare ta, ta cika layi biyu a allo, amma factor(100!) ba ya ɗaukar ko daƙiƙa ɗaya, saboda duk tubalanta ƙanana ne, firam 25 da ke ƙasa da 100: 2 ta fito sau 97, 3 sau 48, 5 sau 24, 7 sau 16, har zuwa 97 da ta fito sau ɗaya. Daga fitowar 5 sau 24 ne ake sanin cewa lambar ta ƙare da sifiri 24, kuma numdiv ya ce masu raba ta 39,001,250,856,960,000 ne. Sai kuma a juya gwajin. Umarnin randomprime yana zaɓo firam da ka, don haka sai a zaɓo guda biyu masu alƙaluma kusan 20 kowanne, a ninka su, a ba manhajar ta warware. Za ta yi nan take. A ƙara zuwa alƙaluma 30 kowanne, za a fara jin jira. A kai 40 kowanne, sai mutum ya tashi ya yi wata hidima ya dawo. Idan aka kai 50 kowanne, lambar da aka samu alƙaluma ɗari ce kawai, ba ta kai kashi biyu cikin uku na tsawon 100! ba, amma ta zama aikin da ba a zama jiransa. Abin da ke auna wuya, a taƙaice, shi ne girman tubali na biyu a girma, domin da zarar an ciro duk sauran, wanda ya rage sai a gwada shi kawai a ga ko firam ne. Lamba mai tubala biyu manya masu tsawo ɗaya ita ce ƙarshen taurin kai.

Hanyar da muke koyarwa a makaranta, ta gwada 2, sannan 3, sannan 5, ana bi har a kai saiwar lambar, wato lambar da idan an ninka ta da kanta za ta ba da ita, ba ta da amfani a wannan mataki. Saiwar lamba mai alƙaluma ɗari tana da alƙaluma hamsin, kuma ko da na'ura tana gwada biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, shekarun da za ta ci sun ninka shekarun duniya ninkin da ba ya faɗuwa. PARI/GP tana farawa da wannan hanya ne kawai don share ƙananan tubala, sannan ta shiga dabaru masu zurfi ɗaya bayan ɗaya ba tare da an gaya mata ba. Akwai dabarar rho ta John Pollard ta 1975, akwai ta Daniel Shanks mai aiki da murabba'ai, akwai ta lanƙwasassun layuka da Hendrik Lenstra ya ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1980, wadda ta ƙware wajen tsamo matsakaicin tubali daga cikin ƙatuwar lamba, sannan a ƙarshe akwai rariyar murabba'ai da ta samo asali daga aikin Carl Pomerance na 1981, wadda ba ruwanta da girman tubali, tsawon lambar kawai take dubawa. Idan aka rubuta \g3 kafin a ba ta aiki, za ta riƙa faɗin matakin da take ciki, kuma kallon yadda take ajiye wata dabara ta ɗauki wata ya koya mini fiye da abin da na karanta. Lambar Fermat 2^128+1, mai alƙaluma 39, wadda Morrison da Brillhart suka warware a 1970, tana faɗuwa cikin ɗan lokaci zuwa 59,649,589,127,497,217 da abokinta mai alƙaluma 22. Ta gaba da ita, 2^256+1, alƙaluma 78 gare ta, amma ita ma ba ta daɗewa, domin ƙaramin tubalinta, 1,238,926,361,552,897, wanda Brent da Pollard suka gano a 1980, alƙaluma 16 ne kacal, ragowar mai alƙaluma 62 kuma firam ce.

Iyakar manhajar a bayyane take, kuma ya kamata mai niyyar sauke ta ya san ta tun da wuri. Ba ta ɗauke da rariyar filin lambobi, dabarar da ake warware lambobi mafiya tauri da ita tun daga 1990, lokacin da aka fasa 2^512+1 mai alƙaluma 155. Wanda ke son ya tunkari lamba mai alƙaluma ɗari zuwa sama mai manyan tubala, sai ya nemi manhajojin da aka gina don wannan aiki kaɗai, irin su YAFU da Msieve da CADO-NFS, ya kuma duba rumbun FactorDB ko wani ya riga ya warware ta. Ko su ma gaba da gabanta. A 1977 Rivest da Shamir da Adleman na jami'ar MIT suka fito da tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda amincinsa ya dogara kacokan a kan wuyar wannan aiki, aka kuma buga lamba mai alƙaluma 129 a mujallar Scientific American da alkawarin dala ɗari ga wanda ya warware ta. Sai a watan Afrilu na 1994 aka iya, bayan kimanin mutum 600 sun haɗa ƙarfin kwamfutoci kusan 1,600 ta intanet, tubalan suka fito ɗaya mai alƙaluma 64 ɗaya mai 65. A ƙarshen 2009 aka fasa mai alƙaluma 232, a watan Fabrairu na 2020 kuma aka fasa RSA-250, mai alƙaluma 250, da CADO-NFS, aikin da aka ƙiyasta zai ci wa ƙwaƙwalwar sarrafawa guda ɗaya kimanin shekara 2,700. Makullan RSA da ake yawan amfani da su wajen kare sadarwa a intanet alƙaluma 617 gare su. Saboda haka saurayin da ya ji labarin manhajar ya zo yana tambayata ko za ta buɗe masa sirrin wani asusu, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya zo mu yi lissafi.

Akwai wani bambanci da manhajar ta fito mini da shi fili, wanda littattafan sakandare ba sa taɓawa: sanin cewa lamba firam ce ko ba firam ba ce aiki ne daban da gano tubalanta, kuma ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da ya faru tsakanin Lucas da Cole ke nan, shekara 27 ana sane da cewa lambar tana da tubala ba a san su ba. Lambar nan mai alƙaluma ɗari da ta gagari factor, idan aka miƙa ta ga isprime, nan take za ta amsa da 0, ma'ana ba firam ba ce. Umarnin nextprime(10^100) kuma yana nuna cewa firam na farko bayan 1 mai sifiri ɗari yana gaba da ita da 267. Sai dai a nan akwai abin lura da jagorar manhajar ta faɗa ƙarara, amma mai gaggawa zai iya tsallakewa. Umarni biyu ne: ispseudoprime, mai sauri, wanda ke yin gwajin da ake kira BPSW, da isprime, wanda ke kawo cikakkiyar hujja amma yana jan lokaci idan lambar ta yi tsawo. Gwaje-gwaje masu sauri suna iya ruɗuwa. Tsohon gwajin Fermat, alal misali, lambar 341 tana yaudarar sa idan an yi shi da 2, alhali 11 sau 31 ce, ita kuwa 561, wadda 3 sau 11 sau 17 ce, tana yaudarar sa da duk lambar da ba ta da tubali ɗaya da ita. Shi BPSW an tabbatar ba ya kuskure a ƙasa da 2^64, kuma har yau ba a sami lambar da ta ruɗe shi ba, amma babu hujjar cewa babu ita. Manyan tubalan da factor yake fitarwa wannan gwaji mai sauri kawai suka ci, sai idan an rubuta default(factor_proven,1). Ga aikin aji wannan ba komai ba ne. Ga mai rubuta kundin digiri da zai ce ya tabbatar da wani abu, wajibi ne ya kunna wannan saiti, kuma da ni ne mai tsara manhajar da na sa wata alama a gefen duk tubalin da ba a kawo masa cikakkiyar hujja ba.

GP harshen rubuta shiri ce kuma, ba kalkuleta kawai ba. Gwajin Lucas da Lehmer na lambobin Mersenne, masu siffar 2^p-1 inda p firam ce, layi ɗaya yake ci: a fara da 4, a yi ta ninka abin da aka samu da kansa ana cire 2 ana rabawa da lambar da ake gwadawa ana riƙe saura kawai, sau p-2, idan aka ƙare da sifiri to lambar firam ce. Da wannan layi ɗalibaina suka sake gano cewa 2^127-1 firam ce, abin da Lucas ya yi da hannu a 1876, sannan 2^521-1, wadda kwamfutar SWAC ta gano a 1952, sannan 2^11213-1 ta 1963 mai alƙaluma 3,376. Ba za a kai da ita ga 2^136279841-1 ba, firam ɗin da Luke Durant ya gano a watan Oktoba na 2024 a ƙarƙashin GIMPS, shirin haɗin gwiwar neman irin waɗannan lambobi ta intanet, mai alƙaluma 41,024,320. Wannan fagen wasu na'urori ne.

Sauran abubuwan da zan ambata ƙanana ne. Umarni da bayanai da saƙonnin kuskure duk da Turanci suke, kuma jagorar an rubuta ta ne don masana, ta yadda ɗalibin sakandare ba zai ƙaru da ita ba sai malami ya tsamo masa abin da yake buƙata. Idan lissafi ya yi nauyi, manhajar takan tsaya ta ce wurin ajiyarta ya cika, maganinsa kuma shi ne a ƙara girman parisizemax, abin da sabon shiga ba zai sani ba sai an gaya masa. Idan aiki ya ƙi ƙarewa, ana tsayar da shi da Ctrl da C. Ta waya tana yin duk gwaje-gwajen da na ambata na ƙanana da matsakaitan lambobi, sai dai rubuta alamomi a ƙaramin allo yana da gajiyarwa, kuma doguwar warwarewa tana shan batir, don haka gara a bar wa kwamfuta duk abin da ya haura alƙaluma hamsin. Ina ganin ta dace da malamin lissafi, da ɗalibin jami'a mai karatun lissafi ko kimiyyar kwamfuta, da duk mai son ya fahimci abin da ke ƙarƙashin tsaron sadarwa. Wanda yake son amsar tambaya ɗaya kawai ya wuce, shafukan intanet masu akwatin rubuta lamba sun fi masa sauƙi.

Kuskuren da na fi gani a wurin ɗalibai, wanda ni ma na yi shi a ranar farko, na wurin sa alamar baka ( ) ne. Manhajar tana bin abin da aka rubuta mata ne harafi da harafi. Yaron nan da ya fara yi mini tambayar, da na ba shi dama ya gwada da kansa, sai ya rubuta factor(2^(64-1)) maimakon factor(2^64-1), ta ba shi tubali ɗaya tak, 2, da ta fito sau 63, ya juyo yana cewa amsata ta jiya ba daidai ba ce. Abin da ya lissafa shi ne hatsin gidan ƙarshe kaɗai, 9,223,372,036,854,775,808, wanda ya ɗara jimillar sauran gidaje 63 da ƙwaya ɗaya.